Yadda ake gane ko furannin renon kwalba sun gaji uwarsu ta hanyar gwajin DNA

Mai gonar furanni da ya ba ka kwangilar dashe dubu goma na renon kwalba, wato tsirran da ake ninkawa daga yankin shuka cikin kwalba a ɗakin gwaji, na furen ado gabera mai jan fure, jan furen yake jira, mai tsawon kara ɗaya da faɗin kai ɗaya. Ba zai san abin da ka ba shi ba sai bayan kamar wata uku da dasawa, lokacin da ya riga ya zuba kuɗinsa a taki da ruwa da ƙwadago. Idan sai a ranar ne aka ga albasa ba ta yi halin ruwa ba, wasu sun fito wadanni, wasu launinsu ya kode, wasu sun cika ganye ba fure, to asararsa ce, kuma sunanka ne ya ɓaci.

A ƙa'ida duk tsiron da aka ɓallo daga jikin uwa ɗaya kwafinta ne. Amma zaman kwalba yana taɓa ƙwayoyin gado. A 1981 Larkin da Scowcroft, masu bincike a Ostareliya, suka tattara bayanan irin wannan sauyin suka ba shi suna, kuma tun lokacin an san manyan abubuwan da ke jawo shi: bi ta kalos, wato dunƙulen tsokar nan marar siffa da ke fitowa a bakin yanka, sinadarin girma na 2,4-D, zuba sinadaran fitar da rassa BAP ko TDZ fiye da kima don a samu rassa da yawa, da kuma daɗewa ana sauya wa tsiro kwalba ba tare da an koma ga uwa ba.

Zan yi bayanin da gabera, wadda sunanta na kimiyya Gerbera jamesonii, 'yar asalin Afirka ta Kudu, domin ita na fi yi wa wannan aikin. Hanyar ɗaya ce ga sauran furannin ado, sai 'yan gyare-gyare.

Ga abin da gwajin yake yi a taƙaice. Ana ɗaukar guntun DNA da aka ƙera, mai suna firaima, ya je ya manne a duk wurin da ya dace da shi a jikin DNA na shuka. Na'urar PCR, mai ninka guntun DNA, ta kwafi abin da ke tsakanin wurare biyu da ya manne. A zuba a jel, wato daskararren kunun agaros da ake ratsa wa wutar lantarki, guntayen su jeru bisa tsawonsu, su fito layi-layi. Idan layukan ɗa sun yi daidai da na uwa, ba a ga sauyi ba. Idan wani layi ya ɓace ko sabo ya fito, akwai abin bincike.

Kayan aiki

Na'urori: injin PCR, santirifuj, wato injin juya bututu, mai kai juyi 12,000 a minti, tukunyar ɗumama ruwa mai riƙe digiri 65, tankin jel da na'urar ba shi wuta, fitilar UV ko akwatin ɗaukar hoton jel, firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri, sikeli mai auna miligiram, da fifet uku na ɗiban ruwa kaɗan-kaɗan, na 10 µl (maikirolita) da na 100 µl da na 1000 µl. Sai turmi da taɓarya na tangaran, bututun roba na 1.5 ml da 2 ml, ƙananan bututun PCR na 0.2 ml, safar hannu, maka marar gogewa, da ƙanƙara.

Ruwan fasa ganye, wato bofar CTAB: CTAB kashi 2 cikin 100, Tris-HCl 100 mM mai pH 8, EDTA 20 mM, gishirin NaCl 1.4 M. A ranar aiki za ka ƙara PVP kashi 2 cikin 100 da makaftoyitanol kashi 0.2 cikin 100. Wannan haɗin ya samo asali ne daga hanyar da Doyle da Doyle suka fitar a 1987.

Sauran sinadarai: kulorofom da aisoyamil a gauraye 24 da 1, aisofurofanol mai sanyi, itanol kashi 70 cikin 100, bofar TE, RNase, agaros, bofar TAE ko TBE, rinin DNA, tsanin awo na 100 bp (guntayen DNA masu sanannen tsawo, bp kuwa adadin haruffa ne), haɗaɗɗen ruwan PCR mai ƙarfi ninki biyu, ruwa mai tsarki marar DNA, da firaimomi.

Abu ɗaya da ba ya cikin jerin littattafai amma ba na fara aiki sai da shi: inbata ko UPS da zai riƙe injin PCR awa huɗu. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar zagaye, zubar da bututun ka sake. Kada ka ci gaba daga inda ya tsaya ka ce za ka kwatanta da na jiya.

Mataki na 1: Yanke shawarar waɗanda za a gwada

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma kuskuren da aka yi a nan babu na'urar da za ta gyara shi.

Da farko sai da uwa. Shukar da aka yanko tsiron farko daga jikinta dole ta kasance tana raye a tukunya, da lamba a jikinta. Idan ta mutu, kuma ba ka ajiye busasshen ganyenta ko DNA ɗinta ba, ba ka da ma'auni. Wata shuka mai suna iri ɗaya da aka sayo a wani lambu ba za ta maye gurbinta ba. Saboda haka tun ranar da ka yanki uwa ka ɗebi ganyenta ka adana.

Sai 'ya'ya. Kada ka zaɓi masu kyau. Hannu yana son kai wa ga tsiron da ya fi ƙoshi, kuma hakan yana ɓata lissafi. Ba kowace kwalba lamba, ka rubuta a takardu, ka yi ƙuri'a. Raba su kuma bisa tarihinsu: waɗanda suka fito kai tsaye daga idon reshe daban, waɗanda suka bi ta kalos daban, na sauyin kwalba na uku daban da na takwas. Idan ka cakuɗa su, ko ka ga sauyi ba za ka san daga ina ya shigo ba. Duk tsiron da ido ya ga ya bauɗe, saka shi a gwajin, amma a rukuninsa shi kaɗai.

Guda nawa? Mutane da yawa suna gwada goma su rubuta cewa komai daidai ne. Lissafi bai yarda da wannan ba. Idan ka gwada wani adadi ba ka samu bauɗaɗɗe ko ɗaya ba, raba 3 da adadin, abin da ya fito shi ne kusan iyakar yawan bauɗaɗɗun da za su iya ɓuya maka. Gwada 30 yana nufin har kashi 10 cikin 100 na iya zama bauɗaɗɗu ba ka ci karo da su ba. Gwada 60 ya sauko da shi kashi 5. Goma kuwa ya bar ƙofa a buɗe har fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Ni ba na sauka ƙasa da 30 a kowane rukuni idan dashen na sayarwa ne. Idan kuɗi ya gaza, gwada abin da za ka iya, amma ka rubuta adadin a fili.

Ƙara bare guda ɗaya, wato gabera ta wani iri daban, misali mai ruwan ɗorawa. Amfaninta zai zo a mataki na 5.

Mataki na 2: Ɗiban ganye

Ɗauki ƙaramin ganye da bai daɗe da buɗewa ba, miligiram 100 ya isa. Tsohon ganyen gabera cike yake da sinadaran da ke mayar da DNA ruwan ƙasa su hana PCR aiki. Goge almakashi da itanol tsakanin shuka da shuka.

Na fi son in jira 'ya'yan su fita daga kwalba su saba da iska, sannan in ɗebi ganyensu da na uwa rana ɗaya, masu shekaru ɗaya. Dalili shi ne kwalba kan ɓoye bakteriyar da ba ta nuna kanta, kuma firaimomin nan ba su san bambancin DNA na shuka da na bakteriya ba. Idan dole ne ka ɗiba daga kwalba, guje wa duk wadda abincinta ya yi gajimare a gindin tsiro, kuma kada ka haɗa da ɓangaren da ya taɓa abincin.

Idan ba a ranar za ka yi aiki ba, ko firizarka ba abin dogaro ba ce, busar da ganyen a silika jel. Yanka shi ƙanana, saka a ambulan takarda, ka binne a silika mai nauyinsa sau goma cikin leda mai zif. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu zai bushe ƙaraf, ya yi watanni ba abin da ya same shi. Miligiram 20 zuwa 25 na busasshe yana daidai da 100 na ɗanye.

Mataki na 3: Fitar da DNA

Fara ɗumama bofar CTAB a digiri 65. Da sanyin hunturu ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska za ka ga ta yi fari-fari a ƙasan kwalba. Ba lalacewa ta yi ba, zafi zai narkar da ita.

Niƙa ganyen da ruwan naitirojin har ya zama gari mai laushi, kada ka bar shi ya narke. Idan babu naitirojin, saka turmin a firiza tun dare, ka niƙa da ɗan yashi da aka wanke aka dafa, ko ka niƙa kai tsaye cikin bofar mai ɗumi. Busasshen ganye ma yana niƙuwa ba tare da komai ba. Kowane samfuri da turminsa, ko a wanke da bilic a ɗauraye sosai kafin na gaba.

Zuba garin a bututun 2 ml, ƙara 800 µl na bofar, ka ajiye a digiri 65 na minti 45, kana juya bututun a hankali duk bayan minti goma. Bar shi ya huce. Ƙara kulorofom da aisoyamil daidai yawan ruwan da ke ciki, ka yi ta kifa bututun kana miƙewa na minti biyar. Kada ka girgiza da ƙarfi, zaren DNA yana tsinkewa. Wannan aikin a akwatin zuƙe hayaƙi ake yin sa, domin kulorofom da makaftoyitanol duka guba ne ga mai shaƙa.

Juya a santirifuj, 12,000 na minti 10. Za ka ga hawa uku: ruwa garai a sama, farar laka a tsakiya, kore a ƙasa. Na saman kake so. Zuƙe shi a hankali zuwa sabon bututu, ka haƙura da ɗan abin da ya rage kusa da lakar. Kwaɗayin wannan ɗigon na ƙarshe shi ke ɓata wa masu koyo samfuri. Idan ruwan bai yi garai ba, maimaita wankin kulorofom.

Ƙara aisofurofanol mai sanyi kashi biyu bisa uku na yawan ruwan, kifa a hankali, saka a firiza minti 30. Sake juyawa minti 10. Wani ɗan fari zai manne a gindin bututu, shi ne DNA. Tsiyaye ruwan, wanke da 500 µl na itanol sau biyu, ka kifa bututun a kan takarda mai tsabta ya sha iska minti 20 zuwa 30. Idan ƙamshin itanol bai tafi ba, PCR ba zai yi ba. Idan kuma ya bushe ya ƙandare, zai yi wuyar narkewa. Narkar da shi a 50 µl na TE, ƙara 1 µl na RNase, ka ajiye a digiri 37 na minti 30.

Uwa kuwa, fitar mata da DNA sau biyu, daga ganye biyu, a bututu biyu.

Mataki na 4: Auna kyau da yawa

Idan kana da NanoDrop, na'urar auna DNA da haske, ko makamancinsa, duba rabon awon 260 da 280. Tsakanin 1.8 da 2.0 shi ake so. Ƙasa da haka akwai datti. Rabon 260 da 230 idan ya faɗi ƙasa sosai da 2, sauran sinadaran ganye ko gishiri sun biyo.

Ko da na'urar ta ba ka lamba mai kyau, zuba 2 µl a jel mai agaros kashi 0.8 cikin 100. DNA mai lafiya yana tsayawa layi ɗaya mai kauri kusa da rami. Wanda ya farfashe yana jan jela har ƙasa. Irin wannan sake fitar da shi za ka yi, domin manyan layuka za su ɓace a cikinsa ka ɗauka sauyin gado ne. Wanda ba shi da na'urar awo sai ya zuba DNA na lamda, wanda ake sayowa don awo, mai sanannen yawa, 25 da 50 da 100 ng, a gefe, ya kwatanta haske da ido.

Daga nan daidaita kowane samfuri zuwa 25 ng a kowace µl, da ruwa mai tsarki. Misali, wanda ya ba da 200, ɗauki 12.5 µl ka ƙara ruwa 87.5 µl. Kada ka tsallake wannan. Bambancin yawan DNA kaɗai yana iya sa layi ya fito a wani ya ɓace a wani. Na asali ya koma firiza, na aiki ya zauna a firiji.

Mataki na 5: Zaɓen alama da tace firaimomi

Alama a nan tana nufin nau'in gwajin da za ka bi, ga guda uku. RAPD, wadda ta fito a 1990, tana amfani da gajeren firaima mai harafi goma, kamar OPA-01 zuwa OPA-20. Tana da araha, amma saboda tana mannewa a ƙaramin zafi, kusan digiri 36, ƙaramin abu yana canza sakamakonta. ISSR, ta 1994, firaimominta sun fi tsawo, suna mannewa a wuraren da haruffa ke maimaita kansu, a zafi mafi yawa, don haka ta fi tsayawa a kan magana ɗaya. SCoT, ta 2009, tana neman bakin inda ƙwayar gado ke farawa. Duka ukun ba sa buƙatar ka san jerin DNA na shukar tun farko.

Shawarata ga mai farawa: ISSR ta zama ginshiƙi, a ƙara RAPD ko SCoT a matsayin shaida ta biyu, tunda kowacce wani ɓangare take leƙawa. Firaimomin ISSR da aka fi sani su ne na Jami'ar British Columbia da ke Kanada. UBC 807 shi ne AG sau takwas da T a ƙarshe, 808 AG sau takwas da C, 810 GA sau takwas da T, 811 GA sau takwas da C. Ba sai ka sayi kit ba, aika jerin haruffan ga kamfanin da ke ƙera firaima.

Sayi kamar 20, ka gwada su a kan samfuri huɗu kawai: uwa ta ɗaya, uwa ta biyu, ɗa guda, da bare. Riƙe firaimar da ta cika sharuɗɗa uku. Ta ba da layuka bayyanannu aƙalla huɗu ko biyar. Ta ba da abu ɗaya sak a bututun uwa biyu. Kuma ta bambanta uwa da bare. Sharaɗi na ukun nan ina ba shi muhimmanci ƙwarai. Firaimar da ta kasa raba jar gabera da mai ruwan ɗorawa, in ta ce maka 'ya'ya duk sun yi kama da uwa, shaidar makaho ce a kan launi. Ka nemi ka tsira da 10 zuwa 12 masu kyau.

Mataki na 6: Haɗa PCR

A kowane bututu mai 25 µl: haɗaɗɗen ruwan PCR 12.5 µl, firaima 1 µl daga mai ƙarfin 10 µM, ruwa 9.5 µl, DNA 2 µl. Firaima ɗaya tak a kowane bututu. Idan kayanka a rarrabe suke, ka nufi magniziyam 2 mM, dNTP 200 µM kowanne, da Taq, sinadarin da ke kwafin DNA, yunit ɗaya.

Kada ka haɗa bututu ɗaya-ɗaya. Lissafa adadin samfura, ƙara kashi 10 cikin 100, ka haɗa komai banda DNA a bututu guda a kan ƙanƙara, ka raba 23 µl ga kowanne, sannan DNA ya shiga a ƙarshe da sabon bakin fifet kowane karo. Bututu ɗaya a saka masa ruwa a maimakon DNA.

Tsarin injin na ISSR: digiri 94 minti 4, sannan zagaye 35 na digiri 94 daƙiƙa 45, digiri 52 daƙiƙa 45, digiri 72 minti 2, a rufe da digiri 72 minti 7. Wannan 52 ɗin wurin farawa ne. Idan jel ya fito da hazo da layuka barkatai, ɗaga zafin da digiri biyu. Idan bai ba da komai ba, sauke shi. Na RAPD a saka 36, zagaye 40 zuwa 45.

Daga ranar da ka fara har ka gama, inji ɗaya, kamfanin Taq ɗaya, kuma in da hali mutum ɗaya. Na taɓa canza ruwan PCR a tsakiyar aiki saboda na farko ya ƙare, sai ga manyan layuka biyu sun dushe a duk samfuran da suka biyo baya. Sati biyu na yi ina zargin tsirrai kafin na lura cewa ita ma uwar ta rasa su.

Mataki na 7: Jel

Narkar da giram 1.5 na agaros a 100 ml na bofa, bar shi ya huce har hannu ya iya riƙe kwalbar, ƙara rini, zuba, saka matsefi, jira rabin awa. Bofar da ka yi jel da ita ita za ka zuba a tanki. Wanda ya yi jel da ruwan famfo ko tsabtataccen ruwa zalla zai gane kuskurensa da wuri.

Ramuka su kasance ta gefen baƙar waya, DNA yana tafiya ne zuwa ja. Jeri: tsanin awo, uwa, 'ya'ya, bare, bututun ruwa, sai tsani kuma a ƙarshe. Uwa ta shiga kowane jel, ko da guda goma za ka yi. Bar shi a bolt 80 na kamar awa biyu. Gaggawa da bolt mai yawa tana lanƙwasa layuka ta haɗe na kusa da juna.

Itidiyom buromaid yana taɓa DNA na mutum kamar yadda yake taɓa na shuka. Safar hannu dole, kuma jel da aka gama da shi ba ya shiga kwandon shara na kowa. Hasken UV yana ƙona ido da fata, kada ka leƙa ba garkuwa. Idan za ka iya samun GelRed ko SYBR Safe, sun fi sauƙin haɗari. Wanda ba shi da akwatin hoto zai iya yanke kwali ya rufa a kan fitilar, ya huda sama, ya ɗora gilashi ruwan lemo, ya ɗauka da waya. Ajiye hoton yadda ya fito, ba ƙarin haske ba goge-goge.

Mataki na 8: Karantawa

Fara da bututun ruwa. Idan layi ya fito a wurinsa, wani DNA ya shiga kayanka, jel ɗin duka ya faɗi.

Buɗe tebur a kwamfuta, kowane layi da girmansa bisa tsani, kowace shuka da gurbinta. Akwai layi 1, babu 0. Ƙirga masu kaifi kaɗai, galibi tsakanin 200 da 2,000 bp. Dusashe ko kaurin layi ba bambanci ba ne. Idan samfuri ya ƙi fitowa gaba ɗaya, wannan gazawar PCR ce, kada ka cika masa sifiri. Yana da kyau wani abokin aiki ya karanta hoton shi kaɗai ba tare da ya san wace ce wace ba, ku kwatanta.

A ce firaimomi 10 sun ba da layuka 84, biyu daga ciki sun bambanta a wata shuka. Raba 2 da 84 ka ninka da 100, bambancin ya kama kashi 2.4. Kamanninta da uwa a ma'aunin Jaccard shi ne layukan da suka yi tarayya a kai a raba da jimillar layukan da ɗayansu ke da su, 82 bisa 84, kusan 0.98. Manhajojin PAST da DARwin kyauta ne kuma suna yin wannan lissafin har su zana bishiyar dangantaka. Amma idan duk layukan iri ɗaya ne, ba ka buƙatar bishiya, tebur da hoto sun wadatar.

Mataki na 9: Idan ka ga bambanci

Fara zargin hannunka kafin ka zargi shukar. A abin da na gani, yawancin layukan da suka bambanta a karon farko ba sa dawowa. Sake PCR da DNA ɗin nan. Idan bambancin ya dawo, koma ga shukar ka ɗebi sabon ganye, ka fitar da sabon DNA, ka sake. Sai ya tsaya a duka ukun nake rubuta shi. Duba lambobi ma: idan ɗa ya bambanta da uwa a layuka da yawa a kusan kowace firaima, da wuya sauyin gado ne na zaman kwalba, wani iri ne ya shigo ta kuskuren laƙabi.

Wanda ya tabbata, ware shi ka bi asalinsa a littafin ɗaki: daga wace kwalba, a sauyi na nawa, a kan wane abinci. Duk 'yan layinsa, wato waɗanda suka fito daga tsiro ɗaya da shi, a tsayar da ninka su. Kada ka jefar da shi, dasa shi a gefe har ya yi fure. Wani lokaci ba za a ga komai a furen ba, wani lokaci kuma sabon launi ne mai kasuwa.

Mataki na 10: Abin da jel ba ya gani

Wannan nake so mai koyo ya riƙe fiye da duk lambobin da na lissafa. Haruffan DNA na gabera ana ƙirga su da biliyoyi, layuka tamanin kuwa 'yan wurare ne ƙalilan. Harafi ɗaya da ya canza a ƙwayar da ke ba da launi zai iya mayar da ja fari, jel bai nuna komai ba. Kuma alamomin nan ba sa bambanta kwafi ɗaya da kwafi biyu, layi yana fitowa ko ɗaya ne ya rage.

Akwai sauyi iri uku da ke wucewa ta gabansu. Na farko ninkuwar kuromosom, wato ƙunsoshin da DNA ke naɗe a ciki. Gabera tana da 50, idan suka zama 100 layukan ba za su canza ba. Alamarta ganye mai kauri da jinkirin girma. Inda akwai na'urar fulo saitomita, mai auna yawan DNA a ƙwayar halitta, ita ke yanke hukunci. Inda babu, shafa man farce marar launi a bayan ganye, bar shi ya bushe, ɗaga shi da salatif, ka duba a madubin ƙara girma. Ƙofofin numfashin mai ninki sun fi girma kuma sun fi ƙaranci.

Na biyu sauyin da bai taɓa haruffa ba, sai ƙullin metil, wani ɗan sinadari da ke manne wa DNA, da ke kunna ƙwayar gado ko kashe ta. Manoman kwakwar manja a Maleshiya sun sha wahalarsa tun shekarun 1980: itatuwan renon kwalba su girma lafiya, bayan shekaru su ba da 'ya'ya masu nakasa marasa mai. Sai a 2015 aka nuna cewa zubewar metil ce a wani yanki na DNA da aka sa wa suna Karma. Gano irin wannan sai da hanyar MSAP, mai amfani da sinadaran yanka biyu, HpaII da MspI.

Na uku ya fi shafar shukokin ado: waɗanda fatarsu da cikinsu ba gado ɗaya ba ne. Ka ga dangin moɗar nan ta ado mai ruwan ɗorawa a gefen ganye. Yanki ganyenta ka dasa, abin da zai tsiro kore ne zalla. Haka masu zane a fure ko ganye suke yi a kwalba idan aka tsirar da su daga ganye ko kalos. Irinsu daga idon reshe kaɗai ake ninka su, kuma ido ne ke tantance su.

Saboda haka daga kowane rukuni nake dasa aƙalla talatin a gefen uwa, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, har su yi fure sau biyu. Ina auna tsawon kara, faɗin fure, launi, kwanakin da suka ɗauka kafin fure, da yawan furen kowace shuka. Furen farko yakan ruɗe saboda ragowar sinadarin kwalba, na biyu shi nake kafa hujja da shi.

A takardar da za ka ba mai gona, rubuta abin da ka yi daidai yadda yake: shuka nawa aka gwada cikin nawa, daga sauyin kwalba na nawa, firaimomi nawa da sunayensu, layuka nawa, nawa suka bambanta bayan maimaitawa, da abin da aka gani a fure. Jimlar da nake amfani da ita ita ce ba a ga bambanci ba a wuraren da aka duba. Sannan a littafin ɗaki ka sa ranar da za a rufe wannan layin a koma ga uwa a yanko sabo. Ni a gabera ba na wuce sauyin kwalba takwas zuwa goma, kuma layin da ya bi ta kalos tun kafin nan nake sake gwada shi.